In sayi sabuwar laftof mai araha ko in lallaɓa tsohuwar?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Laftof ɗina ta tsufa, daga hannun yayana ta dawo hannuna, shi kuma tun 2013 ya saye ta. Furosesanta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, Core i5 ne zubi na uku, RAM (ma'ajin wucin gadi na aikin da ake kai) giga 4, faifan ajiya giga 500. In na kunna ta sai na yi wani aikin na dawo kafin ta gama tashi, batirin kuma da zarar an zare caja shi ke nan ta ɗauke. Na ga wata sabuwa fil a kwali, siririya mara nauyi, kuɗinta daidai ƙarfina. An rubuta Celeron N4020, RAM giga 4, ajiya giga 64, da Windows 11. Aikina bai wuce Word da Excel da Zoom da binciken intanet ba. In saya?

Nura: Wa alaikumus salam. Saya kawai Anti. Abin da ya haura shekara goma ai ya biya kuɗinsa. Sabo sabo ne.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Malama Sadiya, riƙe kuɗinki tukuna. Wannan da kika gani sabuwa ce a kwali, amma ba ci gaba ba ce a kan wadda ke hannunki. Furosesan N4020 ya fito ne a 2019, cibiya biyu gare shi, wato sassa biyu masu sarrafa aiki, kuma an ƙera shi ne don ya ci wuta kaɗan, wat 6 kacal. I5 ɗinki shi ma cibiya biyu ne, amma kowace tana ɗaukar layin aiki biyu, kuma an ba shi har wat 35 ya yi aiki da su. A gwajin ƙarfi tsohon naki ya fi wannan sabon. RAM ɗin ma duk giga 4 ne, ba abin da kika ƙaru da shi. Bambancin ma shi ne naki ana iya cirewa a ƙara, na waccan kuwa galibi an liƙe shi da dalma a jikin bod, wato babban allon da kayan cikinta ke kai, yadda kika saye ta haka za ki rabu da ita.

Abin da ke sa taki nawa ba tsufan furosesa ba ne, faifan ne. Giga 500 na wancan zamanin faifai ne mai juyawa, yana zagaye 5400 a minti, da allura tana bin sa tana neman bayanai. A cire shi a sa SSD, wato ma'aji mai sauri wanda ba ya juyawa, a ƙara RAM zuwa giga 8, a sauya batir, a buɗe a share ƙurar fanka a sa sabon man sanyaya furosesa. Ba za ki gane ta ba.

Nura: Malam Habu mai gyara ne fa, dole ya ce a gyara 😂

Malam Habu: Ƙanena, ai da ta sayi waccan ma wurina za ta dawo bayan wata shida, ajiya ta cika, kuma in ce mata ba yadda zan yi.

Sadiya: Malam, ban gane maganar ajiyar ba. Mai sayarwa ya ce ita ma ba faifai mai juyawa ba ne a ciki, wai ya fi sauri.

Malam Habu: Ki duba ko an rubuta eMMC kusa da 64 ɗin. In haka ne, ɗan guntun ma'aji ne irin na wayoyi masu araha, liƙe a bod. Gaskiyarsa ne, ya fi faifai mai juyawa saurin buɗe ƙananan abubuwa. Amma bai kai SSD ba. SSD iri-iri ne: na SATA yana kai wa mega 550 a daƙiƙa, na NVMe yana haura 3000, eMMC kuwa ko a takarda iyakarsa wajen 400 ne, a aikace ƙasa da haka. Sannan giga 64 shi ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ta ce Windows 11 na buƙata. Windows ɗin da kansa da sabunte-sabuntensa za su lashe kusan rabi, ki sa Office, ki sa Zoom, ki zuba hotuna kaɗan. Ranar da babban sabuntawa ya zo zai ce miki ba wuri.

Injiniya Bashir: Duk abin da Malam Habu ya faɗa a kan N4020 haka yake, amma ya tsallake abu mafi girma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Akwai shirin ƙarin wa'adi na sabuntawar tsaro ga masu amfani na gida, shi ma zuwa 13 ga Oktoba 2026 ne. Windows 11 kuwa ba ya karɓar i5 zubi na uku a hukumance. Yana son Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen na kamfanin AMD jerin 3000 zuwa sama in na laftof ne, da sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. To yanzu ta kashe kuɗi a SSD da RAM da batir, ta samu kwamfuta mai sauri wadda ba a toshe mata ƙofofin ɓarayi. Wadda take shiga imel da banki da ita. Ni ba zan ba ƙanwata wannan shawarar ba.

Malam Habu: Injiniya, ai ana sa Windows 11 a kan tsofaffin. Manhajar Rufus na cire sharaɗin TPM tun wajen haɗa filashin girka Windows ɗin.

Injiniya Bashir: Ana sawa, na sani. Amma Microsoft da bakinta ta ce wadda aka sa wa ta wannan hanyar ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Kuma babban sabuntawa na shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai an sake bi ta bayan gida. Kai kana iya wannan kowace shekara. Ita za ta iya? Mun ga yadda zubin Windows 11 na 24H2 ya ƙara sharaɗin da ya rufe wa furosesoshin zamanin Core 2 Duo ƙofa gaba ɗaya, ba dabarar da ke buɗewa. Ba wanda ya yi alkawarin haka ba za ta faru da na gaba da su ba.

Yaya Rabi: Ku maza kun kama Windows kamar babu wani abu a duniya sai shi. Sadiya, in kin bi shawarar Malam Habu kin sa SSD, ki sa Linux Mint a kai a madadin Windows. Kyauta ne, fuskarsa kusan irin ta Windows, kuma kowane babban zubinsa ana ba shi sabuntawar tsaro na shekara biyar. Firefox na ciki, Chrome na hawa, Zoom na da manhajarsa ta Linux. Tawa ta girmi taki kuma da ita nake rubuta wannan.

Sadiya: Yaya, Word da Excel fa?

Yaya Rabi: LibreOffice, manhajar ofis da ke cikin Mint, na buɗe fayilolinsu, kuma akwai Word da Excel na intanet da ake shiga ta burauza.

Injiniya Bashir: Yana buɗe su, amma a faɗa mata sauran. In takarda ce mai tebur da yawa da salon rubutu, in ta tura wa mai Word wani lokaci shafukan kan goce. In Excel ɗinta na da makro, wato umarnin da aka tsara ya riƙa yin aiki da kansa, nan ma rigima ce. Ga wanda ke rubutun kansa ba komai. Ga wanda ke karɓar fayil daga ofis ya gyara ya mayar, sai ya yi tunani.

Yaya Rabi: Ai gwadawa ba ya cin komai. Ana kunna Mint daga filashi ba tare da an taɓa faifan ba, ta buɗe fayilolinta ta gani da idonta.

Nura: Ni dai har yanzu ban ji wanda ya yi maganar nauyi da batir ba. Kuna ta lissafin cibiya da mega. Tsohuwar nan za ta haura kilo biyu, ga cajarta kamar bulo, ga fanka na ihu. Ko an sa mata sabon batir, furosesa mai cin wat 35 awa nawa zai yi? Sabuwar ba fanka ma a cikinta, shiru, kuma sai ka yini ba ka nemi soket ba. Kyamarar Zoom ma a duba. Sannan akwai garanti na shekara. Waɗannan ba ci gaba ba ne?

Alhaji Tanko: Yaron nan yana da gaskiya a nan, kada a danne shi. Kuma zan ƙara masa hujja. Bidiyon YouTube na yanzu yawanci da tsarin matse bidiyo na VP9 ko AV1 yake zuwa. Tsohon i5 ba shi da sashen da ke warware su kai tsaye, sai furosesan ya ɗauki aikin da ƙarfinsa, shi ya sa yake zafi fanka na gudu. Ƙaramin Celeron ɗin nan yana da sashen VP9, don haka za ka ga ya kunna bidiyo lafiya lau alhali ya fi rauni. Wanda kallo kawai yake yi zai rantse sabuwar ta fi.

Amma Sadiya 'yata, ba kallo kika ce kina yi ba. Zoom a buɗe, Excel a buɗe, shafuka goma a burauza, a kan RAM giga 4 da Windows 11. Nan ne za ki ji haushin kuɗinki. Araha ba ta ado.

Abin da ni zan yi da kuɗin shi ne in nemi ta hannu daga cikin irin waɗanda kamfanoni ke saya wa ma'aikata su sauya bayan 'yan shekaru. ThinkPad T480, Latitude 7490, EliteBook 840 G5, duk 'yan 2018 ne. A nemi mai i5 zubi na takwas, kamar 8250U ko 8350U. Daga wannan zubin ne Intel ta mayar da i5 na siraran laftof cibiya huɗu da layin aiki takwas, kafin nan biyu ne. Windows 11 na karɓarsu ba tare da wata dabara ba, ana ƙara musu RAM, ana sauya SSD, madannansu da maƙalar murfinsu sun fi na masu araha ƙwari nesa ba kusa ba.

Ummi: Baba Alhaji, da girmamawa, ta hannu sai wanda ya san kan abin. Wata ƙawata ta sayi irin waɗannan, ashe an kulle BIOS, wato saitunan tushe na injin, da kalmar sirri, kuma tana haɗa ta da intanet ta fito da shafin wani kamfani tana neman a shiga da asusun ma'aikaci. Mai sayarwa ya ce shi ma haka ya same ta.

Alhaji Tanko: Yana faruwa, shi ya sa ba a biya sai an gwada. A shiga BIOS a gaban mai sayarwa. A sake girka Windows a haɗa da intanet a ga ko za ta nemi asusun kamfani. A buga powercfg /batteryreport, zai fitar da takarda mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. A duba kuma ko wajen linzamin yatsa ya ɗago, alamar batir ya kumbura ke nan, wannan a bar ta a wurin.

Ummi: To ka ga duk wannan sai da ɗan rakiya. Wanda ba shi da shi fa?

Injiniya Bashir: Wanda ba shi da shi ya sayi sabuwa, amma ba kowace mai araha ba. Kuskuren da ake yi a zancen nan shi ne a zuba su duka a kwando ɗaya. Tun 2023 Intel ta ajiye sunan Celeron da Pentium a sababbin furosesoshin laftof, ta fito da N100 da N200. N100 cibiya huɗu ne, wat 6 shi ma, amma ya yi wa N4020 fintinkau, ya kuma wuce i5 ɗin Sadiya, har AV1 yana warwarewa. Laftof mai N100 da RAM giga 8 da SSD na gaske giga 256 ta isa aikin da ta lissafa, tana da garanti, tana da batirin da Nura ke so. Tazarar kuɗi tsakaninta da mai N4020 ba ta kai tazarar aiki ba. Duk Celeron da ka gani a kwali yau, tsohon kaya ne ake ƙarasa sayarwa.

Malam Habu: Na yarda da N100, da sharaɗin 8 ɗin. Akwai masu N100 da RAM giga 4 da ajiya 64 ko 128 ta eMMC ko ɗan uwansa UFS, an sauya injin ne kawai an bar sauran matsalar.

Nura: Na ga wata ma Ryzen 5 7520U, jerin 7000 fa, ai wannan ya gama magana.

Injiniya Bashir: Yi a hankali da lambar. A tsarin sunan da AMD ta kawo, lamba ta uku ce ke nuna ainihin ginin cibiyar. 7520U, wannan 2 ɗin na nufin Zen 2, ginin 2019. 7530U kuwa Zen 3 ne mai cibiya shida, shi kuma 7520U huɗu ne, RAM ɗinsa kuma liƙe yake. Ba mummuna ba ne, ya fi N100, zai yi mata aiki sosai. Kawai kada a biya shi kuɗin sabon gini. Haka Intel: "i5" ko "i7" kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka ga lambar da ke biye. I7 na zubi na shida mai U a ƙarshe cibiya biyu ne, i5 na takwas ya fi shi.

Yaya Rabi: Ba wanda ya yi maganar allo, kuma shi za ta zuba wa ido duk yini. Masu araha da yawa har yanzu yawan ɗigon allonsu 1366 a kwance da 768 a tsaye ne, nau'in allon da ake kira TN, wanda in ka ɗan kwantar da murfin launi ya wanke. Mai aikin Excel ta nemi 1920 da 1080, nau'in IPS wanda launinsa ba ya wankewa haka. Layuka da ginshiƙan da za ta gani a lokaci ɗaya sun fi yawa sosai. In ba a rubuta IPS a bayanin ba, to ki ɗauka babu.

Sadiya: Tawa ta yanzu ma 1366 ɗin ce, na duba. Ashe shi ya sa nake ta ja gefe da gefe.

Ummi: Chromebook fa, laftof mai tsarin Google maimakon Windows? Ni ita nake amfani da ita kuma ba ta taɓa yi mini nawa ba, RAM ɗinta ma 4 ne.

Injiniya Bashir: Saboda tsarinta ba shi da nauyin Windows. A kan ƙaramin inji ta fi Windows daɗi, ba musu. Google ma ta sanar a 2023 cewa waɗanda suka fito daga 2021 za su samu sabuntawa na shekara goma. Amma shekarun daga fitowar samfurin ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka saya ba, don haka a duba ranar ƙarewar kafin a biya. Kuma cikakken Word da Excel na tebur ba sa hawa kanta, sai na burauza. Matsalar da na faɗa wa Yaya Rabi ita ce dai a nan.

Yaya Rabi: Kai dai Injiniya ka rantse sai ka tsare wa Excel mutuncinsa.

Injiniya Bashir: Ita ta ce da shi take cin abinci, Yaya, ba ni ba 😄

Malam Habu: Bari in dawo kan tawa, don na ga an binne ta. Ban ce ta gyara komai da komai ba. Batir na tsohuwar laftof shi ne abin da na fi shakka, na asali ya yi wuya, na kwaikwayo kuma sa'a ne. In za ta riƙa yawo da ita, na janye, ta sauya. In kuwa a tebur ɗaya take zaune, SSD kaɗai ya isa ta ga bambanci, kuma kuɗinsa ba ya ɓata: ranar da ta sayi wata sai a cire shi a sa a ƙaramin akwatin USB ya zama ma'ajin ajiye kwafi. RAM ɗin DDR3 ne kawai ba zai bi ta ba, sababbi DDR4 ko DDR5 suke ci.

Sadiya: Malam, yawo nake da ita, kullum tana jaka. Gaskiya nauyin na damuna. Yanzu dai na cire mai N4020 daga lissafi. Tsakanin ta hannun da Baba Alhaji ya faɗa da mai N100 nake. Wacce za ta fi daɗewa?

Alhaji Tanko: A jiki, ta kamfanin. Masu araha ba furosesa ke kashe su ba, maƙalar murfi ce. An ɗaure ta da sukurori a cikin roba, buɗe-rufe na shekara biyu uku sai robar ta tsage. Ga mai saka ta a jaka kullum wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya Bashir: A jiki na yarda. Amma zubi na takwas shi ne a bakin layi, shi ne mafi tsufan da Windows 11 ya karɓa, in ban da 'yan ƙalilan. Duk ranar da aka sake ɗaga sharaɗi, shi zai fara faɗuwa. Kuma injin 2018 ya riga ya yi shekarunsa a hannun wani. In za ta sayi ta hannu, ta ɗan matsa zuwa zubi na goma ko na sha ɗaya in kuɗin ya kai.

Alhaji Tanko: Tana matsawa kuma ta shiga zamanin da aka yawaita liƙe RAM ko a na kamfanonin. Sai an bi samfuri ɗaya-ɗaya.

Nura: Ku dai ba za ku daidaita ba. Anti, ko wacce kika ɗauka ki tambaya ko ramin USB-C ɗinta na caji. Ba duka ke yi ba, wasu bayanai kawai suke wucewa.

Sadiya: Wannan ma ban sani ba, na gode. Wata tambayar: a jikin wata an rubuta "S mode". Mene ne?

Malam Habu: Windows ne da aka taƙaita, ba ya barin a sa manhaja sai daga Microsoft Store, don haka Chrome ba zai hau ba. Ana fita daga ciki kyauta ta cikin saituna, amma in an fita ba a komawa. Ba abin tsoro ba ne. Sai dai sau da yawa alama ce ta cewa injin ƙarami ne, ki ƙara duba sauran bayanan.

Ummi: Kuma kada ki ba da tsohuwar ko ki sayar sai kin kwashe kayanki kin goge faifan. Jefa fayil a kwandon shara ba gogewa ba ne.

Malam Habu: Haka ne. Wajen mayar da Windows sabo akwai zaɓin cire komai, a ƙarƙashinsa kuma akwai na tsabtace faifan, shi za ki kunna. A faifai mai juyawa zai ɗauki awanni, ki bar ta a caji. Mafi sauƙi ma ki sa a cire faifan ki riƙe abinki.

Injiniya Bashir: Ɗaya kuma game da sabuwar. Windows 11 na yanzu yakan kulle faifan da BitLocker da kansa in kin shiga da asusun Microsoft wajen saita ta, mabuɗin buɗewa kuma yana ajiye a cikin wannan asusun. Lambobi 48 ne. Kada ki bar mai sayarwa ya saita miki da imel ɗinsa, ki yi da naki, ki shiga asusun ki kwafe lambobin a takarda. In bod ya lalace ko an taɓa BIOS ta nemi mabuɗin, ko Malam Habu ba zai iya ciro miki fayil ɗaya ba.

Malam Habu: Ba zan iya ba kam. Sadiya, in kin samu guda biyu ko uku da kike so, ki turo cikakkiyar lambar samfurin da ke ƙasan kowacce, ba sunan da ke kan kwali ba. Suna ɗaya kan zo da allo iri biyu da RAM iri biyu, lambar ce ke rarrabewa.